Guɗata a Makarantar Dawakin Damagaram

Tun da muka dawo daga Damagaram ban huta ba. Wadda ta zo sannu da hanya sai ta miƙe ƙafa, ta sha ruwa, ta karɓi tsarabarta ta cuku, sannan ta ce, "To Hajiya Rabi, wai da gaske makaho ya hau doki?" Na ba da labarin nan har muƙamuƙina ya gaji, kuma kullum sai ya zagayo ya dawo mini da ƙari. Shekaranjiya a gidan suna a Madabo na ji ana cewa wai Malam, maigidana, ya yi tsere da Buzaye ya cinye su. Wata kuma ta ce an ce ni aka ɗaure a turke. Ta biyun ta fi kusa da gaskiya. Shi ya sa na ce 'yata Ummi ta ba ni biro in rubuta sau ɗaya, duk mai tambaya a miƙa mata.

Ga wanda bai san mu ba, maigidana maɗinki ne a Soron Ɗinki, cikin birnin Kano, aikin babbar riga yake yi da allura. Yana da doki baƙi guda ɗaya da yake fita kilisa da shi bayan la'asar, kuma in da za a tambaye shi tsakanina da dokin nan, da sai ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. A shekarun nan na tashin bama-bamai, wata rana ya je tasha kai wa wani ɗinkinsa, abin ya tashi kusa da shi. Allah ya bar mana shi da ransa, amma idanun biyu sun tafi. Aka sayar da dokin, Malam ya shiga ɗaki ya zauna. Masallacin bakin lungunmu, wanda in liman ya yi tari muna ji, ya daina zuwa. Ni na zama idonsa, na zama bakinsa. In ya tashi zagayawa ina tsakar gida ina kiran hanya: "Dama, Malam! Turmi! Ɗaga ƙafa!" In baƙi sun gaishe shi, ni ke cewa ya ji sauƙi. Mutumin da surutunsa ke hana mu jin rediyo ya koma sai ya wuni bai ce uffan ba. Ina kallonsa yana ƙarewa a zaune.

Likitan da ke duba shi ne ya ce akwai wata makaranta a bayan garin Damagaram inda guragu da makafi da kurame da masu lafiya ke koyon hawan doki tare. Na buɗe baki zan ce mun gode, ai sai Malam ya riga ni. Ya ce, "Wane irin doki?" Rabon da in ji ya yi tambaya har na manta. A ranar na fara haɗa kaya. Shi kuma ya sa aka zaro masa abin da ya hana a sayar: linzamin dokinsa, da ƙaimi, da bulala, da wata babbar riga shuɗiya da ya yi wa aiki da hannunsa. Ni na aika unguwar Jakara aka sayo mini gurasa, don ban yarda da abincin ƙasar da ban sani ba.

Hanyar Kazaure da a da kafin ka gama ɓare gyaɗarka an isa, yanzu shinge ne bayan shinge, ga buhunan yashi, ga duro, ga samari da bindiga waɗanda su ma a tsorace suke. Kowane shinge sai a sauke mu mu ɗaga hannu mu taka, mota ta biyo mu a baya. Ni hannu ɗaya nake ɗagawa, ɗayan yana riƙe da Malam. Kafin Daura wani soja ya zazzage jakarmu, ƙarafa suka zubo ƙasa. Fasinjoji suka ja da baya, wata mata ta kama salati. Ya tambaya da gurguwar Hausarsa na wane ne, me za a yi da su. Na ce na Malam ne, doki zai hau. Ya sa Malam ya cire baƙin gilashinsa, ya duba. Sannan ya juyo ya ce in na sake yi masa wasa a nan zan wuni. Sai da direba ya rantse masa cewa mutanen cikin birni haka suke, ba su da haɗari, rigima ce kawai da su.

A iyaka ta Kongolam na ga bambancin ƙasa da ƙasa. Namu suna bincike suna tsawa, nasu suna bincike suna gaisuwa. Jandarma yana tambayarki ina gajiya, ina iyali, yaya Kano da haƙuri, hannunsa kuma yana can ƙasan jakarki. Da ya ci karo da gurasa ya ce bai taɓa ganin irinta ba, na ba shi ya gani da bakinsa. Daga nan muka shiga wata fijo da ta girmi Ummi, ƙofa ɗaure da igiya, rago a bisa. A Matamai muka tsaya cin abinci. Burodinsu dogo ne kamar muciya, kuma taurinsu ɗaya. Shayi kuwa a ɗan kofin da bai fi na awon maganin tari ba suke ba ka, ga ɗaci, sai ka shanye a sake zubo maka, kai kana godiya.

Makarantar fili ce babba da bargar dawaki, da jerin ɗakuna na baƙi. Ba matakala ko ɗaya, ƙofofi masu faɗi, kuma an ja igiya a jikin bango tun daga ɗakunan har bakin filin. Na ce a raina ga mutane masu son shanya. Abinci kuwa zogale ne. Da safe fura, da rana dambu da zogale, da yamma kwaɗon zogale da suke kira kopto. Gurasata ce ta rufa mini asiri har ta ƙare.

Shugabar wurin wata 'yar gajeriyar mace ce, Madan Zainabu, da sanda take tafiya saboda shan inna ya taɓa mata ƙafa. Can Madan suke ce wa mace mai muƙami. Washegari ta tara mu, sababbin ɗalibai da masu rakiya, a gindin wata bedi. Akwai wata budurwa a keken guragu da uwarta Inna Habsu, akwai kurma, akwai wani tsohon ma'aikaci mai hannu ɗaya, da 'ya'yan wani attajiri lafiyarsu ƙalau. Ta bi kowa tana tambaya. Da ta zo kan Malam ta ce, "Sunanka?"

Na buɗe baki kamar yadda na saba, sai na maƙale. Tun da aka kai ni gidan mutumin nan ban taɓa kama sunansa ba, ba kuma a gaban baƙi zan fara ba. Na tsaya baki buɗe, kowa yana kallona.

Malam ya yi gyaran murya ya ce, "Bashir."

Madan ta ce da Faransancinta, "Bon. Ashe yana magana."

Sai ta shiga zayyano dokoki, kuma ba ta da niyyar gamawa. Wanda ya makara ba zai hau ba ranar, ko ɗan wane ne. Ba mai hawa sai ya goge dokinsa da kansa, ya duba masa kofato, ya kwashe kashinsa, mai ido da marar ido, mai kuɗi da talaka. Ba a zuwar wa doki ta baya, ba a ba shi abinci a hannu. Ba a ɗaukar hoton ɗalibi, ba a ba ma'aikaci na goro. Ta sa hannu a jakar Malam ta ɗaga ƙaimi da bulala, ta ce waɗannan su huta. Linzamin ta juya shi ta ce wannan in an sa wa doki ai sai ya tuba ya bar zunubin da bai yi ba. Babbar rigar ma ta hana, wai in iska ta kaɗa ta dawaki za su firgita. Duk abin da muka sha tsawar soja a kansa ya koma ƙasan gado.

Sannan ta ɗauko hular kwano ta ce kowa sai ya sa. Na ce, "Madan, wannan hular ko 'yan acaɓanmu da aka tilasta musu ƙwarya suka riƙa kifawa. Dattijo guda za a cire wa hula a kifa masa kwano?"

Ta ce, "Hajiya, yanzu zan zo kanki." Ta nuna wani shingen katako da ya zagaye filin. "Masu rakiya a bayan wancan suke tsayawa. Ba ku shiga, ba ku taɓa ɗalibi, ba ku yi masa magana. In kin karya sau ɗaya in gaya miki, sau biyu in gaya miki, na uku ku haɗa kaya ke da shi. Akwai masu jiran gurbi."

Na ce a raina, matar da ba ta san yadda yake shan kokonsa ba ita za ta koya mini zama da mijina.

Dokin da aka ba shi ma ashe goɗiya ce, tsohuwa, sunanta Lami. A gida namiji mai mutunci ba ya hawa goɗiya, kuma na ga fuskar Malam ta canza. Amma da aka ɗora hannunsa a wuyanta sai ya shiga shafa gezarta, ya kai hancinsa yana shaƙa. Aka ba shi buroshi ya fara goge ta. Can buroshin ya suɓuce ya faɗi cikin yashi. Ban san lokacin da na tattare zani na ratsa ta tsakanin katakon ba. Kafin in kai hannu sandar Madan ta tare ni.

"Ɗaya," in ji ta.

Na koma ina huci. Ina tsaye ina kallon mijina, wanda manyan mutane ke layin ɗinkinsa, durƙushe yana lalube a gindin goɗiya, ga ma'aikata ƙarti sun harɗe hannu suna kallo. A Kano da yaro ya yi haka da an kira ubansa. Ya daɗe yana lalube kafin ya same shi, ya kakkaɓe, ya ci gaba da aikinsa.

Yadda suke koya wa makaho kuwa, mutum huɗu ne ke tsayawa a kusurwoyin filin. In ya doso ɗaya sai ya riƙa kira, "Gabas, gabas," na gaba ya karɓa, "Arewa, arewa," shi kuma yana juya goɗiyar da jin murya. Da farko ana riƙe masa ragama, bayan 'yan kwanaki aka sake shi. Ranar da aka sake shi na ga kamar zai goge wani duro da ke gefe. Ni dai na ga duro, kuma shekara da shekaru in na ga abu a gabansa faɗa nake yi. Na ɗaga murya na ce, "Hagu, Malam!"

Ai kuwa ya bi. Bai ko yi shawara ba ya karya linzami hagu, ya nufi dokin budurwar nan 'yar Inna Habsu kai tsaye. Da ƙyar ma'aikaci ya tare. Ashe hagun nawa nake nufi, ga shi muna fuskantar juna.

Madan ta tako har bakin shinge. Ta ce, "Hajiya, na sa mutum huɗu suna kira, ke ɗaya kin shafe su. In kika ce masa ya faɗa rijiya faɗawa zai yi. Biyu."

Inna Habsu, wadda na kusa sa a take mata 'ya, ita ce ta matso ta ɓare goro ta miƙo mini. Ta ce, "Cika bakinki da shi, 'yar'uwa. Ni ma da shi na tsira. In ya ƙare ki ciji mayafi." Daga ranar kullum bakina cike yake, har haƙorana suka rine. Na yi shiru irin wanda ban taɓa yi ba tun da uwata ta haife ni, kuma ba wanda ya yaba mini.

Sai ranar da aka ce zai yi sassarfa shi kaɗai. Ya hau, kwano a ka, riga 'yar shara kamar ɗan makaranta. Lami ta ɗauki sassarfa, gabas ta miƙa shi ga arewa, arewa ta miƙa shi ga yamma. Na ga bayansa ya miƙe, kafaɗun nan da suka rusuna tun ranar tasha sun buɗe. Da ya zo wucewa ta gabana sai na ji yana dariya. Dariyarsa ta da, mai ƙarfi, wadda maƙwabta ke ji. Wallahi ban yi magana ba, ko kalma ɗaya ban furta ba. Goron ne na haɗiye, hannuna ya tafi hanci da kansa, na rangaɗa guɗa irin ta kai amarya.

Ashe Lami duk tsufanta ba ta taɓa zuwa biki a Kano ba. Ta zabura ta yi gefe guda, ƙafar Malam ta fita daga likkafa, ya zame ya faɗo, kansa ya bugi gindin shinge. Na ji ƙarar kwanon nan har cikin cikina. Na yunƙura zan tsallaka, Inna Habsu ta cafke zanina ta baya ta riƙe gam. Malam ya jima a kwance, sannan ya dafa ƙasa ya zauna, ya shafa kwanon inda ya lotsa, ya miƙe da kansa. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ina Lami?" Ni bai tambaye ni ba.

Madan ta duba shi sarai, sannan ta juyo. Ta ce, "Uku. Ku haɗa kaya."

Nan na ga abin da na jawo. In muka koma yau, abin da zai ɗauka zuwa gida faɗuwa ce, kuma na san ɗakin da zai koma ya zauna, wannan karon ba mai fito da shi. Na durƙusa a bayan shingen na yi roƙo irin namu. Na haɗa ta da Allah da Annabi, na ce kakanninmu da nasu fatauci ɗaya suka yi, na ce Kano da Damagaram ai gida ɗaya ne. Har na ce mata a duba dokar da kyau, magana aka hana, guɗa kuwa ba magana ba ce.

Ta ce, "Ba ke ce ɗalibata ba. In akwai mai magana, ga shi nan."

Malam ya juyo wajen muryarta, yashi a gemunsa. Ya ce, "Madan, na makara ko sau ɗaya?"

Ta ce a'a.

"Na ƙi kwashe kashi? Na ƙi sa kwanonku?"

Ta ce a'a.

Ya ce, "To ni ban ga laifina ba. Wadda ta yi guɗa ita za ki kora. Ni ina nan."

Jama'a, mutumin da na yi wa wanka, na ba shi abinci a baki, na ɗaga hannu ɗaya a gaban bindiga saboda shi. Rabonsa da doguwar magana tun kafin abin ya faru, da ya tashi yin ta kuma a kaina ya sauke.

Madan ta ce, "In na hana ta zuwa fili, wa zai kawo ka daga ɗaki?"

Ya ce, "Ba kun ja igiya a bango ba? Ko ta shanya ce?"

Ta dube shi, sannan ta ce a kawo Lami, yanzu zai sake hawa. Ni kuma ta nuna mini hanyar ɗakuna da sandarta. Na tafi ina share hawaye da mayafin da ya kamata in ciza. Na ji zafi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Ina isa bakin ɗaki na jiyo daga nesa ana kira, "Gabas, gabas," sai kuma "Arewa," na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata.

Sauran kwanakin a madafa na yi su, ina taya mai dafa abinci tsinke zogale. Da safe Malam zai ɗauki farar sandar da suka ba shi, ya kama igiya, ya ce, "Sai na dawo," kamar mai tafiya kasuwa. Saboda haka masu tambayata yaya hawansa na ƙarshe ya kasance, ban gani ba. An ce ya yi kyau. Shi ya faɗa mini, kuma bai daina faɗa ba tun daga Damagaram har Kazaure, har wani fasinja ya roƙi direba ya kunna rediyo. A shingen sojoji da aka sake zazzage ƙarafan nan, kafin in buɗe baki ya riga ya yi bayani, har da sunan goɗiya.

Mun iso gida ana kiran la'asar. Ban gama kwance kaya ba na ga ya yi alwala ya ɗauki sanda ya nufi soro. Na bi shi a baya ba takalmi na tsaya a bakin ƙofa. Kun san kwatar nan ta tsakiyar lungunmu, wadda ta fi ƙarfin mai unguwa. Ina ganinta, ina ganin ya nufe ta, kalmar ta taho har kan harshena. Na cusa mayafi a baki na ciza.

Ya zuba ƙafar dama a ciki har idon sawu. Ya tsaya, ya zaro ta, ya yarfe, ya faɗi ra'ayinsa a kan maƙwabtan da ba sa yashe kwata, da ƙarfi yadda za su ji. Bai waiwayo ba. Na ji shi a bakin masallaci yana cewa a miƙo masa buta, na ji liman yana cewa, "A'a, Malam Bashir, kai ne?" Da ya dawo shi ya wanke takalminsa da kansa.

To kun ji. In kun gamu da shi a lungu ku yi masa sallama, kada ku kama masa hannu, kada ku ce masa ayya. Wadda kuma ta ji guɗa na taso mata, ta zo soro ta tsaya kusa da ni, ina da goro.